Saƙon godiya ga duk wanda ya sa hannu garejin gidanmu ya zama ɗakin atisaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ranar Asabar da ta gabata, inda muka taru bayan la'asar a gidanmu da ke Agege, aka yi addu'a, aka buɗe ɗan ɗakin atisayen da muka shafe wata huɗu muna fama da aikinsa. Jama'a sun zo fiye da yadda na zata, kuma da aka ce in yi magana sai bakina ya yi nauyi, ban iya yi wa kowa godiyar da ta kamace shi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin wanda ya yi mini alheri a ɓoye ya ji na ambace shi a fili.

Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba, na yi shekaru ina gudun dogon zango, kuma sau uku ina shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a shekarar 2016, ake kuma yin sa a watan Fabrairu. A shekarun da na shiga, daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere ake tashi, a hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, a ƙare a Eko Atlantic, jimilla kilomita 42 da mita 195. Duk mai shirin irin wannan gudu a garin nan ya san cewa lokacinsa ɗaya ne tak, wato tsakanin sallar asuba da fitowar rana, kafin danfo da manyan motoci su cika titi. A irin wannan lokaci ne bara wata mota ta kwashe ni ta baya, direban kuma bai tsaya ba. Ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye, na yi wata uku ina dogara sanda. Godiyata ta farko ga mai shayin bakin titin ne, wanda ya bar tukunyarsa a kan wuta ya ɗauke ni daga tsakiyar hanya, ya tare mai keke-napep, bai rabu da ni ba sai da yayana ya iso asibiti. Allah ya saka masa da abin da ya fi wannan.

Likitar gashin ƙashi da ta kula da ni ce ta fara kawo shawarar da ta haifi wannan ɗaki. Ranar da na tambaye ta yaushe zan koma titi, sai ta ce mini: "Malam, ƙashi yana son nauyi, amma kaɗan-kaɗan yake son sa. Ka fara da keke, domin sirdi ne zai ɗauki nauyin jikinka, sannan tafiya, sannan sassarfa, kuma ka yi su a wurin da babu rami, babu motar da za ka kauce wa." Ta rubuta mini tsarin mako-mako a takarda, takardar tana manne a bangon ɗakin har yau. Ina yi mata godiya musamman saboda ba ta taɓa ce mini in haƙura da gudu ba, alhali da yawa daga masu ƙaunata sun faɗa, kuma na san don tausayi suka faɗa.

Sai Baba mai gida. Dattijo ne Bayerabe, haifaffen Agege, wanda Hausa ta zauna a bakinsa kamar ɗan Zango. Na je masa da fargaba, domin abin da zan roƙa ba ƙarami ba ne ga ɗan haya: a fasa bango a fitar da taga, a kuma ɗaga daɓen gareji. Ya saurare ni har na gama, ya taso da kansa ya duba wurin, sannan ya ce: "Ɗana, ka yi aikinka, amma ka kawo magini na gari, kada a taɓa mini ginshiƙi." Bai ƙara mini ko sisi a kuɗin haya ba. Haka nan ina gode wa maƙwabcinmu na hannun dama, wanda ya ba ni wurin ajiye mota a harabarsa tun daga ranar da aka fitar da ita har zuwa yau.

A kan magini zan ɗan daɗe, domin shi ne ya hana ni asarar da na kama hanyar yi. Niyyata ita ce a share garejin, a yi fenti, a shimfiɗa roba, a shigo da kaya, shi ke nan. Ranar da ya zo bai auna komai ba. Ya yanko leda mai faɗin kamu uku, ya shimfiɗa ta a tsakiyar daɓen, ya manne gefunanta huɗu da salatif, ya ce kada kowa ya taɓa sai gobe. Washegari da ya ɗaga ta, sai ga ƙasanta ya yi raɓa, simintin wurin ya yi duhu kamar an zuba masa ruwa. Ya nuna mini da yatsa ya ce danshin daga ƙasa yake tasowa, kuma idan na rufe shi da roba, fumfuna ce za ta zauna a ƙarƙashi, in riƙa shaƙarta a daidai lokacin da huhuna ya fi buɗewa. Wanda ya zauna a Legas ya san yadda ruwan Yuni da Yuli yake, ya kuma san cewa kwata idan ta cika ba ta neman izini kafin ta shigo gida. Saboda haka ya shimfiɗa leda mai kauri a duk faɗin ɗakin, mita shida da mita uku, ya zuba sabon daɓe a kanta, ya gina dakali ɗan ƙarami a bakin ƙofa don tare ruwan waje, ya kuma hana mu ɗora komai a kai har sai da ya bushe sosai. Na ƙosa a lokacin, har na nuna masa, amma bai biye mini ba. Yau ina neman afuwarsa a kan gajen haƙurina, ina kuma gode masa da ya tsaya a kan abin da ya sani.

Ɗaga daɓen ya jawo wata matsalar da ban hango ba, wadda ƙanina ne ya lura da ita. Silin ɗin gareji dama ba shi da tsawo, ga daɓe ya ƙaru, ga injin gudu shi ma yana ɗaga mutum kusan rabin kamu daga ƙasa, ga kuma ɗan tsallen da mai gudu yake yi a kowane taku. Ya sa ni na hau bulo na miƙa hannu, sai ga yatsuna sun taɓa fukafukin fankar sama. A ranar aka cire ta.

Mai gyaran wutar unguwarmu shi ma ya cece ni daga kuskure mai tsada. Injin gudun da na saya na hannu ne, tokumbo, kuma ina ɗokin in ga ya tashi. Ina riƙe da wayarsa zan jona ya ce in dakata. Ya durƙusa, ya haska fitilar wayarsa a ƙarƙashin injin kusa da makunni, ya karanta ɗan allon da ke manne a wurin, sannan ya kira ni in gani da idona. An ƙera injin ne don wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120, mu kuma tamu bolt 230 ce, da na jona shi kai tsaye da allon cikinsa ya ƙone nan take. Shi ya raka ni kasuwar Alaba muka samo taransifoma mai rage ƙarfin wuta wadda ta fi ƙarfin injin, ya ja masa layinsa shi kaɗai daga akwatin wuta da waya mai kauri, ya kafa ƙarfen da ke sauke wuta ƙasa, domin a cewarsa wurin da ake zufa ana taɓa ƙarfe ba wurin wasa da wuta ba ne. Ya kuma ba ni shawarar da nake ganin ta fi kowacce amfani ga mai zama a wannan gari: fanka da fitila su hau kan batir da inbata, injin gudu ya jira wutar gari, keke kuma a samo masa abin kafawa wanda ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da janareta don gudun awa biyu ya zama abin da sai an yi lissafi. Idan kuma tilas ta sa aka tayar, ya kafa mini sharaɗin cewa janareta ya zauna can bayan gida nesa da taga, saboda iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari, kuma mai haki ya fi kowa saurin shaƙarta.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne zafi, kuma a nan abokin gudunmu ɗan Filato ne ya buɗe mini ido. Ranar da na fara hawa keke a ɗakin, minti ashirin ban cika ba na sauko, kaina yana juyawa, tabarmar roba ta jiƙe sharkaf. Na ɗauka ciwon ne ya cinye ƙarfina, har raina ya ɓaci. Da na faɗa masa sai ya zo ya zauna ya yi mini bayani cewa jikin ɗan Adam kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai na ƙarfin da yake ƙonawa ke zama aiki a feda, sauran duk zafi ne da sai jiki ya fitar. A kan titi tafiyar da kake yi ita ke kaɗa maka iska ta busar da zufa, a ɗaki kuwa kana tsaye wuri ɗaya, zufa tana ɗiga ƙasa ba tare da ta sanyaya ka ba, balle a Legas inda iskar kanta cike take da laima. Ya ce su a Jos sanyin tudu yana rufa musu asiri, mu a bakin teku sai mun ƙirƙiro iskarmu. Shi ya zaɓi inda za a fasa tagar, daura da ƙofa, don iska ta shiga nan ta fita can, ya kuma ba ni aron babbar fankarsa ta OX har na sayi tawa. Ya koya mini in hau sikeli kafin atisaye da bayansa, domin duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ya kamata a mayar. Ya ce in riƙa rufe kan keken da tawul in goge shi bayan an gama, saboda gishirin zufa yana cin ƙarfe da tsatsa fiye da ruwan sama. Duk wannan bai karɓi komai a kai ba, ko kuɗin mota daga Surulere ya ƙi amsa.

Ina gode wa mai walda da ya yi mana ƙarfen taga da maratayin kekuna a bango, da yaran shagonsa, da matasan layinmu shida da suka ɗauko injin gudu daga mota zuwa ciki. Ina gode wa abokan gudunmu na Asabar da suka haɗa kuɗi suka sayi tabarmin roba masu kauri, waɗanda suka rage ƙarar da ke damun maƙwabta da asuba. Ina gode wa Yaya, wanda ya biya rabin kuɗin asibiti bai bari na sani ba sai daga baya, da Hajiya mahaifiyarmu da ke kira daga gida kullum bayan magariba, wadda har yanzu ba ta gamsu da gudun ba amma ba ta taɓa fasa yi mini addu'a ba.

Uwargidana kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Garejin nan shi ne rumbunta, nan take ajiye buhunan hatsi da jarkokin mai da kayan sana'arta, ta kwashe su ta matsa su cikin ɗakinta ba tare da ta nuna mini ƙunci ba. Ita ce ta yi jinyata wata uku, ita ce kuma ta kawo dokar da mu maza duk ba mu tuna da ita ba. Ta ce a bar fili kusan mita biyu a bayan injin gudu, babu bango babu kaya, don idan mutum ya zame kada bel ɗin ya matse shi, kuma ɗan makullin tsaron da injin ba ya tashi sai da shi, a hannunta zai riƙa kwana saboda yara. Da na ce ai ƙofa tana da kwaɗo, sai ta ce: "Baban yara, kwaɗo kai ne za ka manta ka rufe, ni ba zan manta da makullin da ke cikin jakata ba." Yanzu ita da ƙawayenta uku suna amfani da ɗakin da hantsi bayan maza sun fita, cikin sutura da natsuwa, babu idon kowa. Ban yi wannan tunanin ba lokacin da na fara aikin, kuma a cikin duk abin da ɗakin ya haifar shi ya fi faranta mini rai.

Ga masu tambayar lafiyar ƙafa, alhamdu lillahi. A makon nan na yi sassarfar minti arba'in a kan injin ba tare da ciwo ba, likita kuma ta ce idan aka ci gaba a haka zan iya fara fita filin makaranta nan da wata guda, titi kuma sai daga baya. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, mantuwa ce ba raini ba, Allah ya saka wa kowa da alheri ya kare mu daga sharrin hanya. 'Yan uwa masu gudu da masu keke na Agege da kewaye, ɗakin yana ɗaukar mutum uku a lokaci guda, ana buɗe shi bayan sallar asuba har ƙarfe takwas, ranar Juma'a kuma a rufe yake. Mai zuwa ya sanar da ni tun dare, ya taho da tawul biyu da gorar ruwansa.