Kawu, in sa hannu ko in ƙyale?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya biyo ni gida nan Ja'en. Ko ruwa bai sha ba ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, an ninke ta gida huɗu har gumi ya fara cin gefenta. Fom ne na shiga ƙungiyar ƙwadago. Wata biyu ke nan da aka tabbatar da shi a wani kamfanin robobi da ke Challawa, bayan ya shafe shekara biyu yana ɗan wucin gadi. 'Yan yuniyan sun ba shi fom, shi kuma helmansu ya ja shi gefe ya ce masa, "Kai yaro ne mai hankali, kar ka bari a ɓata ka."

"Kawu, in sa hannu ko in ƙyale?"

Na ce a kawo mana abinci tukuna. Tambaya ce da ni kaina na daɗe ina juya ta, domin shekara 17 na yi a wani kamfanin jimar fata a Sharaɗa kafin in dawo zaman tireda, kuma duk tsawon lokacin ana yankar kuɗin ƙungiya daga albashina tun bai iso hannuna ba.

Farkon zuwana haushin yankan nake ji. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma in ka duba takardar albashi ka ga an cire, sai ka tuna ai kuɗin sabulun sati guda ne. Kuma me kake gani a ƙasa? Riga da hula ranar 1 ga Mayu, a kwashe mu a mota zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mu yi fareti cikin rana, a sha jawabai, a watse. Nakan ce wa abokan aiki babu wanda ya kai mu sayen hula da tsada a duk faɗin Kano.

A aikin dare na daina wannan ba'ar. Akwai injin da ke tsaga fata gida biyu, wuƙarsa doguwa ce kamar bel, zagayawa take ba tsayawa. Mutum biyu na tura fata ta gaba, biyu na ja ta baya. Fatar da ta fito daga ruwan magani santsi gare ta kamar an kwaɓa ta da karkashi. Wani abokin aikina, mutumin Dawakin Kudu mai 'ya'ya biyar, hannunsa ya zame. Ban ji komai ba sai salatinsa. Ko da muka kashe injin, yatsunsa uku na dama suna cikin guntun safar roba a ƙasa, shi kuma yana tsaye yana kallon hannun kamar na wani ne.

Washegari manaja ya aiki akawu asibiti da 'yan kuɗi a ambulan da wata takardar Turanci, wai a dangwala. Abin da ke cikinta shi ne mutumin ya karɓi haƙƙinsa, kuma gangancinsa ne ya jawo. Allah ya sa sakataren reshenmu ya riga akawun isa. Wani siririn bawan Allah ne mai fama da olsa, kullum da tsohuwar jaka a hammata cike da takardu. Ya karɓi takardar, ya karanta ta har ƙasa bai ce uffan ba, sannan ya miƙa wa akawu abarsa ya ce, "Malam, ka gaya wa manaja hannun da zai dangwala ɗin ne injinsa ya cinye."

Wata bakwai ana jan maganar. Ashe tun kafin hatsarin an cire ƙarfen kariya na bakin injin don aiki ya ƙara sauri, kuma sakatare ya rubuta wa kamfani ƙorafi a kai, ya ajiye kwafi mai hatimin karɓa a cikin jakar nan da muke yi wa dariya. Da wannan takarda ya yi ta zarya ofishin ƙwadago. Ƙarshe aka biya kuɗin asibiti, aka biya diyya, aka mayar da mutumin sito yana ƙirga fata da hannun hagu har ya yi ritaya.

Ba a fi shekara ba wani yaro ɗan wucin gadi ruwan magani ya fallatsar masa a ido. An biya masa kuɗin asibitin ranar farko, aka ce ya je ya huta. Da ya dawo babu sunansa a takardar bakin get. Sakatare ya yi iya yinsa, amma yaron ba ɗan ƙungiya ba ne, ba shi da takardar ɗaukar aiki, a rubuce ma kamfani bai san da shi ba. Daga baya na gan shi yana tallar rake a Sabon Titi, ido ɗaya ya yi fari. Kamfani ɗaya, manaja ɗaya, dare iri ɗaya.

Na gaya wa ɗan nawa cewa dokoki kam akwai su. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya. Dokar ƙwadago ta haramta korar mutum don ya shiga, ta kuma ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF domin irin ranar da inji ya ci hannu. Sai dai doka ba ta da ƙafa, sai wani ya saɓa ta ya kai ta ofishin manaja, kuma lebura shi kaɗai ba ya iya wannan dakon. Ina ya ga kuɗin lauya? Wa zai ba shi hutun zuwa kotun ma'aikata?

Haka abin yake a sama. Mafi ƙarancin albashi bai taɓa faɗowa daga sama don tausayi ba. Naira 125 ta 1981 sai da Hassan Sunmonu ya ja NLC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa da yake shugabanta, yajin gama-gari zamanin Shagari, kuma a lokacin naira ta fi dala daraja. Aka zo 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kano ta ɗora dubu ɗaya a kai ta ce 71,000. Kowanne da jayayyarsa aka same shi. Mu Kanawa ma bai kamata a riƙa yi mana kallon baƙi a harkar nan ba. Malam Aminu Kano ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa tun 1948, kafin a kafa NEPU. Hutun ranar ma'aikata kuwa gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta ayyana shi a Kano a 1980, sai a 1981 gwamnatin tarayya ta bi sahu. Hular da nake raina wa ashe tana da asali a garin nan.

Yaron ya fara murmushi, ya ɗauka an gama. Na ce dakata, ai ba ka ji komai ba.

Akwai shekarar da muka yi yajin kwana tara a kan kuɗin aikin dare. Gidana sai da muka koma cin garin kwaki da ƙuli, mai ɗakina ta sayar da 'yan kunnenta ba ta gaya min ba sai bayan shekara. Ranar ta goma shugaban reshenmu ya fito daga ofis ya ce an sasanta, a koma aiki. Da muka tambayi me aka samu, sai ya ce "ana kan magana". Bayan wata biyu aka yi masa ƙarin girma, ya fara zuwa aiki a sabon babur. Da aka tashi rage ma'aikata, mutum ukun da suka fi kowa ɗaga murya a bakin get su ne a saman takarda. Ba a rubuta don yaji aka kore su ba, an ce kasuwa ce ta faɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Laifinmu a ciki shi ne ranar zaɓensa yawancinmu ba mu je ba, wai taro ɓata lokaci ne. Mutum ashirin da 'yan kai ne suka ɗaga hannu suka naɗa mana shi.

Wannan ɗacin na sake jin sa a Janairun 2012. Gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai ranar 1 ga wata, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Matasa suka mamaye shataletalen Silver Jubilee, NLC da takwararta TUC suka kira yaji daga ranar 9, gari ya tsaya cak, aka rasa rayuka a nan Kano da Legas. Ranar 16 aka janye a kan naira 97. Masu lissafi za su ce an rage naira 44, kuma gaskiya ne, ba don yajin ba da ba a rage ko kwabo ba. Amma mu da ke titi 65 muka fita nema, kuma a rediyo muka ji an janye kamar kowa.

Sannan akwai waɗanda yaji ke dannewa alhali ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kwana taran nan namu, mai shayin bakin get da mai kosai ba su ga ko sisi ba, kuma babu wanda ya biya su bashin kwanakin. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, 'yata ta zauna a gida wata takwas tana taya ni awon sukari. Ina jin haushin malaman, ga kuma maƙwabcina malamin jami'a da gwamnati ta riƙe wa albashi da dokar ba aiki ba biya, sunansa ya cika shafi biyu a littafin bashina. Wa zan zaga? Ranar 3 ga Yunin 2024 da 'yan ƙwadago suka kashe babban layin wutar ƙasa a kan mafi ƙarancin albashi, mai walda da tela da mai ƙanƙara su ma sun yi yajin dole. Da aka sa hannu a kan 70,000 ɗin, ba su cikin lissafi, domin dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, balle mai zaman kansa.

Wani abin kuma da 'yan ƙungiya ba sa son a faɗa: mukan kare malalaci. Akwai wanda ke barci a bayan ganguna, mu yi aikinsa, in an ba shi takardar tuhuma mu taru mu tsaya masa. Albashinmu ɗaya da shi.

Ƙungiya ba ta hana kamfaninmu mutuwa ba. Rashin wuta da tsadar man dizal sun fi ƙarfin kwamared, kuma duk wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai ya ga gine-ginen da ciyawa ta cinye. Abin da ta iya shi ne ta tsaya sai da aka biya mu kuɗin sallama, kashi uku, cikin shekara biyu. Da kashi na biyu na buɗe tiredar nan. 'Yan wucin gadi kuwa, da a ƙarshe sun fi mu yawa, sallamarsu ita ce kwaɗon da suka tarar a get. Abin da ya fi ci min rai ke nan har gobe. Masu kamfani sun gane cewa maimakon faɗa da ƙungiya, gara su ɗauki mutane ta hannun ɗan kwangila, su sallame su kafin su yi jijiya, su sake ɗauko su a matsayin sababbi. Wanda ya fi kowa buƙatar inuwar shi ne a rana, shugabannin kuma ban ga suna rasa barci a kansa ba, tunda ba a yankar komai daga hannunsa.

Na ce wa yaron, "Ɗana, tun gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 shiga ganin dama ce, babu mai tilasta ka. Ni dai da ni ne zan sa hannu. Amma in za ka sa ka koma gefe ka jira hula, gara ka bar kuɗinka ka sayi sabulu. Ka je taro ko mutum biyar ne. In an karanta lissafin kuɗi ka tambayi rasit. Ka gano wane ne mai jakar takardu a cikinsu, shi za ka riƙe, ba mai iya jawabi ba. Duk takardar da kamfani ya ba ka ka yi kwafi ka kawo nan in ajiye maka. Kuma shekarar nan kar ka hau benci ka yi ihu a bakin get, ba ka yi ƙwari ba tukuna."

Ya ce, "To helma fa, Kawu?"

Na ce helma ma ɗan aike ne, ka riƙa gaishe shi da ladabi, ka riƙa zuwa aiki kafin lokaci, kar ka ba shi abin rubutawa.

Ya ari biron da nake rubuta bashi da shi, ya ɗora fom ɗin a gwiwa ya sa hannu, ya roƙe ni kar in gaya wa Ummansa yanzu. Ban gaya mata ba, shi ne bai iya riƙe cikinsa ba. Bayan isha'i sai ga wayar Yaya.

"Wato kai ne ka sa min yaro a layin kora ko? To wallahi in suka sallame shi, a tiredarka zai tare."

Na ce mata, "Yaya, ai akwai benci."