Ga ƙannena masu son dafa ziyolait daga farar ƙasa

Ɗaliban kimiyyar sinadarai da ke tasowa daga zangunan Kumasi, su Aboabo da Asawase, sukan tambaye ni ta inda za su fara bincike kan ziyolait, ni kuwa nakan fara musu da inda na yi tuntuɓe.

Ziyolait ma'adini ne na silikon da alminiyom da iskar oksijin, cike da ƙofofi ƙanana, kuma a bangon ƙofofin nan ne sauyin sinadarai yake gudana. Shi ya sa matatun mai suke amfani da nau'in Y wajen fasa ɗanyen mai mai nauyi ya zama fetur, kamfanin Mobil kuma ya yi wa wani nau'in mai suna ZSM-5 rajistar mallaka a 1972. Mu a nan mun fi dafa nau'in A, domin farar ƙasar da yake buƙata tana nan Ghana, a garuruwan Anfoega da Teleku-Bokazo, irin wadda mata masu ciki suke ci.

Hanyar ba ta da wuya a takarda: a gasa farar ƙasa a zafin digiri 600 zuwa 800, a kwaɓa ta da ruwan kostik soda, a rufe a dafa a kusan digiri 100. Wani dare aka ɗauke wuta ina cikin dafawa, da ta dawo sai na bar tukunyar ta daɗe a murhu, a ganina ƙari ba ya ɓata miya. Da safe na tace gari fari fat, na sa masa suna ziyolait A, na shiga gwada ko zai cire dalma daga ruwa har na cika littafi da alƙaluma. Sai da aka haska shi a na'urar eksire mai nuna tsarin ma'adini aka ga yawancinsa ya rikiɗe zuwa sodalait, wanda ƙofofinsa sun yi ƙanƙanta ga aikin, ga kuma yashin da ya zo da ƙasar yana nan bai narke ba. Idan dafawa ta wuce lokaci, ko soda ta yi yawa, haka nau'in A yake yi, ido kuwa ba ya bambance farin gari da farin gari. Don haka kada ku gwada komai kafin a haska, ko da layin na'urar zai ci muku mako biyu, kuma ku rubuta lokacin da wuta ta tafi da lokacin da ta dawo.

Na biyu shi ne awo. Ziyolait A yana iya shan ruwan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa daga iska kawai, laimar daminar Kumasi kuwa kun san ta. Na daɗe ina auna gari da ruwansa ina ɗauka giram ɗaya ne cif, sakamakon damina ya ƙi yin daidai da na hunturu, ina ta zargin sikeli. A busar da shi a digiri 300 zuwa 350, a bar shi ya huce a cikin rufaffen gilashi mai tsotse laima, sannan a auna nan take, kafin a tsaya gaisawa da kowa.