Abin da aikin famfon zafi ya koya mini a jami'a

Ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a sashen kula da gine-gine na wata jami'a da ke arewacin Ingila, inda nake injiniyan makamashi. Bayanan miƙa aiki na rubuta su tsaf, babu sunan kowa a ciki. Waɗannan kuwa su ne waɗanda ba za su shiga fayil ba.

Tun da Birtaniya ta yi doka a 2019 cewa zuwa 2050 za ta kai matakin da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba, jami'o'i da yawa sun tsayar wa kansu shekara, wasu ma kafin ta gwamnati. Mu kaso mai tsoka na hayaƙinmu daga boilolin gas yake fita, wato tukwanen dafa ruwan ɗumama gine-gine, shi ya sa aka so a maye su da famfon zafi. A takarda lissafin ba shi da wuya. Yunit ɗaya na gas yana fitar da kusan giram 180 na iskar kabon. Na lantarki ya sauko daga kusan 500 a wajen 2012 zuwa kusan 200, saboda an yi ta rufe tashoshin kwal har aka rufe ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, a watan Satumbar 2024. Famfon zafi kuma, da yake daga iskar waje yake zuƙo zafin ya zuba shi cikin ruwa, yunit ɗaya na wuta yakan ba ka kusan uku na ɗumi. Ka ga hayaƙi ya ragu da wajen kashi biyu cikin uku. Wannan ake haska wa majalisar jami'a a allo, kuma babu ƙarya a ciki.

Abin da ba ya hawa allon shi ne zafin ruwan. Tsofaffin gine-ginenmu an tsara radiyetocinsu, wato ƙarafan bango da ruwan zafi ke bi ta ciki su ɗumama ɗaki, ruwa ya shiga a digiri 82 ya dawo a 71. Famfon zafi ya fi sakewa tsakanin 45 da 55. Ka matsa masa ya haura, ukun nan sai ta yi ta zaizayewa, alhali kuɗin yunit na lantarki a ƙasar nan ya ninka na gas sau uku zuwa huɗu. Ka bar shi a 50 kuma cikin ginin da tagoginsa ke shan iska, mutane su daskare.

Shawarata ba ta da tsada. Na ce a ba ni hunturu ɗaya in riƙa sassauta zafin boilar da ke nan a hankali har zuwa 55, a manna ma'aunin zafi a ɗakuna, mu ga waɗanda suka yi sanyi. Su za a sauya wa radiyeta, a toshe rufi da tagogi, sannan a yi maganar sayen na'ura. Na kuma ce a fara da ginin wasanni, tun da ruwan wurin ninkaya bai kai digiri 30 ba, kuma ana ɗumama shi duk shekara.

Daraktanmu tsohon ginin bakin ƙofa yake so, wanda ake bugawa a takardun neman ɗalibai. A 2020 gwamnati ta buɗe shirin tallafin rage hayaƙin gine-ginen hukuma ta hannun Salix, kamfanin da ke raba kuɗin a madadinta, zagayen farko fam biliyan 1, kuma kuɗin irin wannan shiri suna da wa'adin kashewa, yawanci ƙarshen Maris. Da muka samu namu kason a wani zagaye, ya ce mini a gaban kowa kuɗin ba za su jira hunturuna ba. Wa'adin gaskiya ne, ban musa ba. Amma wa'adi bai zaɓi gini ba, shi ya zaɓa. Na aika masa saƙo da lissafin ɗaki-ɗaki, na nuna masa babban zauren ba zai yi ɗumi ba. Amsarsa layi ɗaya ce: ya gani, ya gode. Daga nan ya yi kunnen uwar shegu da ni, aka daina saka ni a taron 'yan kwangila.

An ƙaddamar da aikin a bazara, lokacin da ba mai buƙatar ɗumi, aka yanka kyalle aka ɗauki hotuna. Janairu ya zo da jarrabawa. Na shiga zauren da safe na tarar da mai sa ido, wata dattijuwa, sanye da kwat da safar hannu, tana raba takardu da ƙyar. Ɗalibai suna hura yatsunsu kafin su riƙe biro. Na dafa radiyetar bangon arewa, ɗuminta bai wuce na ruwan alwala da aka sirka ba. Kafin azahar masinja ya turo amalanke cike da hita, aka jona su a soket ɗaya bayan ɗaya har wutar hawan ta ɗauke. A ƙarshe aka ɗaga zafin famfon zuwa iyakarsa aka bar shi haka, kuma takardar kuɗin wuta ta watan ta yi bayanin sauran.

A taron bin diddigi ne aka shafa mini kashin kaji. Darakta ya ce injiniyan makamashi bai bayyana haɗarin da ƙarfin da ya kamata ba. Na zo da saƙon nan a buge, da kwanan wata da amsarsa a ƙasa. Shugaban taro ya karɓa, ya kife shi a kan tebur, ya ce ba neman mai laifi muka zo yi ba. To an riga an same shi ai. Shekarar ba a ƙara mini girma ba. Hunturun da ya biyo baya aka ɗauko kamfanin mashawarta, aka biya su kuɗi mai kauri, suka ba da shawarar a sassauta zafin ruwa a hankali a auna ɗakuna. Ni aka sa na manna ma'aunan.

Don haka idan ka hango matsala, saƙo ga oga kaɗai ba ya isa. Ka tabbata ta shiga bayanan taron kwamiti, inda ba a iya kife ta. Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka tuntuɓi kamfanin rarraba wuta tun ranar farko, don ƙarin taransfoma yakan fi aikin kansa daɗewa. Kada ka auna girman famfo da lambar da ke jikin tsohuwar boila, yawancinsu girmansu ya wuce abin da ake buƙata nesa ba kusa ba. Mita za ka duba. Ruwan wanka dole ya kai digiri 60 a tanki saboda ƙwayar cutar lejiyonela, ka raba lissafinsa da na ɗumama ɗaki. Ka zauna da masu gyara ka koya musu, in ba haka ba ƙorafi ɗaya ya isa su kunna boilar ko-ta-kwana su manta da ita a kunne.

Ginin wasannin dai na samu na yi shi daga baya da ragowar kasafin gyare-gyare, yadda na tsara tun farko. Boilarsa ba ta ƙara tashi ba sai ranar gwaji, kuma har yau manajan wurin bai kira ni a kan sanyi ba.