TARIHIN RAYUWATA: Kashi na Bakwai

Assalamu alaikum 'yan uwa, makon jiya mun tsaya a inda gwaji ya nuna matsalar ba daga ni take ba, maniyyin mijina Hamma ne babu ƙwayar haihuwa a ciki ko ɗaya. Ni da na sha rubutu na sha sassaƙe na sha gorin dangin miji a Jekadafari har an fara masa zancen ƙarin aure, wallahi ranar tausayinsa ne kawai ya kama ni, don har muka fito bai ɗago kai ba.

Da muka koma asibitin nan na Abuja sai likitar tace akwai hanyar karɓar maniyyin wani namiji, kuma iri biyu ne. Ko dai wanda ba za a taɓa sanin sunansa ba, sai dai a faɗa maka tsayinsa da launin fatarsa da rukunin jininsa, a kuma gwada shi saboda sikila da ƙanjamau, ko kuma wanda ya yarda in yaro ya girma a bashi sunansa. Tace a Ingila tun 2005 aka daina ɓoyewa, yaro na cika shekara 18 yana da haƙƙin neman sunan mutumin, Suwidin ma ta riga su tun 1985, kuma ko an ɓoye ɗin ma gwajin DNA na yanzu tona asiri yake.

Hamma na farkon yake so. Kafin mu kai Jos yace min "ki duba fa, ba wanda zai sani, Inna zata ga jika kowa ya huta." Ban ga laifinsa ba, na san abin da yake ji. Amma ni yaron ne ya tsaya min a rai, zai tashi yana amsa sunan Hamma ya ci gadon da ba nasa ba, in mace ce wa zai zama waliyyinta ranar ɗaurin aure, kuma tunda mutum ɗaya gidaje da yawa ake bai wa nasa to wa ya tabbatar min ba zai auri ƙanwarsa ba bai sani ba? Rufin asirin namu ne mu manya, shi za a bari da ɗaukar kayan. Na biyun ya fi yi wa yaro adalci, sai dai a Gomben nan ranar da maganar ta fita ai shi kenan sunan da za a riƙa kiransa kowa ya san shi.

Ni na matsa muka je wurin wani malami ba tare da mun ce mu ne ba. Bai ma tsaya bambanta iri biyun ba, yace Azhar ta ba da fatawa tun 1980, majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi ma ta yanke a zamanta na Amman a 1986, dashen ciki halal ne in maniyyin miji ne da ƙwan matarsa kuma aure na nan, shigowar na uku haram ne an san shi ko ba a san shi ba, saboda cakuɗa nasaba.

Hamma ya ɗauke min wuta, abinci ma sai na roƙe shi. Ana cikin haka likitar ta kira tace akwai ƙaramar tiyata da ake neman ƙwayar a cikin maraina, in an dace ko kaɗan aka samu ana tsira ta cikin ƙwai kai tsaye, amma ba kowa ake samu ba, ga kuɗi, mu kuma filin da Baffa ya bar min a Pantami ne kaɗai abin sayarwa.

Yadda muka yi da yayyena kan filin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.