Godiya ga Malamar da ta sa na jira shekara uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Ranar Asabar da ta wuce, a taron da Malamarmu take shirya wa ɗalibanta duk ƙarshen shekara, na zauna gaban fiyano na kaɗa kiɗan da na daɗe ina mafarkinsa. Na yi tuntuɓe sau biyu, ƙafata tana rawa a kan feda, amma na kai ƙarshe. Alhamdu lillahi. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a dunƙule.

Ina da shekara 44 na fara, ban san fari ba ban san baƙi ba a cikin madannai 88 ɗin nan. Kiɗa guda ne ya kai ni: Nocturne na biyu a jerin kiɗe-kiɗe mai lamba 9 (Op. 9) na Chopin, mutumin Folan da aka haifa a 1810, wanda ya tsara shi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ma'anar Nocturne ita ce kiɗan dare. Shi kuwa mai kiɗan, na jima ina kiransa yadda aka rubuta, ashe Shofan ake cewa.

Samun malami ne ya ba ni wuya. Na farko ya miƙo mini littafin yara mai hoton agwagwa, da na ambaci burina sai ya yi dariya ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu bai musa mini komai ba, a makon farko ya baje mini takardar, yana nuna mini inda zan ɗora kowane yatsa ina haddacewa kamar aku. Daɗi ya kama ni. Wata biyar ina haka, ban iya karanta layi ɗaya da kaina ba, ga tsintsiyar hannuna ta hagu ta fara ciwo, dole na ajiye. Ban riƙe kowa a zuci ba.

Malama, ke ce kika fara tambayata wane wuri ne a cikin kiɗan ya fi taɓa ni. Kika kaɗa mini shi, sannan kika cire hannun dama kika bar hagu kaɗai don in ga inda gizo yake saƙa: ya yi tsalle ya dafa sauti mai kauri can ƙasa, ya dawo ya kama dunƙulen sautuka sau biyu, uku-uku, bugu 12 a kowace gaɓa (ɗan yankin da ake raba rubutun kiɗa da shi), ba tare da ido ya raka shi ba. Dama kuma tana sama tana rera waƙa da kwalliyarta, kuma dole muryarta ta fi ta hagu fitowa. Kika ce, "Malam, za ka kaɗa shi, amma ba bana ba, ba kuma baɗi ba." Raina bai so ba, ba zan ɓoye miki ba.

Sai kika kafa mini tsani. Muka bi wasu daga gajerun darussa 25 na Burgmüller, wani mai tsara kiɗa ɗan Jamus, har idona ya saba da rubutun kiɗa. Muka shiga Gymnopédie na farko, kiɗan da Satie ɗan Faransa ya tsara a 1888, don tsallen hagun nan yana ciki amma a hankali, kamar mai tafiya kan ƙwai. Daga nan Prelude na huɗu na shi Chopin ɗin, inda na koyi danne hagu in bar dama ta yi magana. Abin da ya riƙe ni ban gudu ba shi ne duk wata kina yanko mini gaɓa biyu daga cikin 34 na kiɗan da nake so, in ɗanɗana. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Uwargida, kin ji gaɓa ɗaya sau ɗari ba ki taɓa cewa ya isa ba, na gode. 'Yata da take ɗaukar sautina a waya tana kunna mini in ji kurakuraina, Allah Ya yi miki albarka. Abokin aikina da ya haɗa ni da Malama, da mai saita mana fiyano, da maƙwabta masu haƙuri, duk ina godiya. Ban manta da yarinya 'yar shekara tara da ta kaɗa kafin ni ba, ta ga zufa na keto mini ta ce, "Baba, kar ka kalli mutane."

Masu tambayata yadda za su sami malami: ku faɗi sunan kiɗan da kuke so tun ranar farko, ku tambaye shi ko ya taɓa koyar da manya, sannan ya zayyana muku me za ku kaɗa kafin ku kai can.

Da aka tashi na je in yi wa Malama godiya baki da baki. Ta ce madalla, amma sautuka huɗun nan da suke juyawa dab da ƙarshe na yi musu gaggawa, ranar Talata daga nan za mu fara.