Fuskar da Muke Haɗa wa APT

Ƙaramin kamfani nake gudanarwa, kuma babban aikinmu shi ne kula da kwamfutocin ofisoshi da makarantu masu aiki da Debian, wani nau'in tsarin aikin kwamfuta na Linux. Yawancin ma'aikatan da ke amfani da su ba su saba rubuta umarni da hannu ba, shi ya sa muka haɗa musu fuska, wato manhaja mai maɓallai da jerin zaɓi, wadda ke tsayawa tsakaninsu da APT, wato tsarin da ke saukar da sauran manhajoji, ya girka su, ya sabunta su, ya kuma cire su idan an buƙata.

Ɗaure manhajar cikin ƙunshin deb, wato irin fayil ɗin da ake girka manhaja da shi a Debian, shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, amma yana da ƙa'ida. A cikin fayil ɗin debian/control muke rubuta duk abin da manhajar ta dogara da shi, sannan mu gina ƙunshin da manhajar sbuild a wuri tsaftatacce da ba a girka kayan ƙari ba, domin kwamfutar mai rubuta manhaja cike take da kayan da ya girka tuntuni, kuma sukan ɓoye masa abin da ya manta bai rubuta ba. Daga nan lintian, mai binciken kurakurai a ƙunshi, ya duba, mu gyara abin da ya nuna.

Batun izini ya fi cin lokaci. Synaptic, wata fuskar APT wadda ta fito tun 2001 kuma har yau nake girmama ta, tana buɗe tagarta gaba ɗaya da cikakken ikon mai gudanarwa. Wannan hanya ta ƙuntata bayan da aka janye gksu, manhajar da ke buɗe taga da irin wannan iko, daga Ubuntu (tsarin da aka gina a kan Debian) a 2018, kuma Wayland, tsarin nuna tagogi a allo, ba ya maraba da irin wannan taga. Saboda haka muka raba tamu biyu: tagar tana aiki da izinin ma'aikaci na yau da kullum, ƙaramin sashe kuma yana neman izini ta hanyar polkit, mai ba da izini ga takamaiman aiki, a daidai lokacin da za a taɓa tsarin. Irin rabon da PackageKit, wani tsarin kula da girka manhajoji, ya ginu a kansa ke nan.

Inda na fi zuba ido shi ne tagar da ke bayyana kafin mutum ya danna maɓallin amincewa. Idan aka nemi manhaja ɗaya, APT yakan lissafa duk abin da take buƙata, kuma wani lokaci hanyar da ya samo ta warware saɓani ita ce cire wasu ƙunshe-ƙunshe da ake amfani da su kullum. Mai rubuta umarni yana ganin wannan jeri a gabansa, amma fuskar da ta naɗe shi a ƙarƙashin wata ƙaramar kibiya ta yaudari mai amfani da ita, ko da ba da gangan ba. A tamu, abin da za a cire ne ke zuwa sama, da sunansa da bayanin aikinsa, kuma idan ya shafi teburin aiki ko haɗin intanet sai mutum ya sake tabbatarwa. Wasu abokan ciniki sun ce wannan ya yi tsauri, ni kuwa ban yarda a sassauta ba, domin mu ne ake kira idan kwamfuta ta tashi babu taga ko ɗaya.

Haka nan dpkg, wanda APT ke amfani da shi wajen girka ƙunshi, ba ya barin ayyuka biyu su gudana tare, yana kulle ma'ajiyar bayanansa har ya gama. Idan sabuntawa ta atomatik ce ta riƙe makullin, tagarmu tana faɗin haka a fili ta jira, ba ta taɓa goge fayil ɗin kullen. Akwai kuma tambayar da dpkg ke yi idan an canza fayil ɗin saiti da hannu, ko a bar tsohon ko a ɗora sabon. Fuskar da ba ta fito da wannan tambaya ba sai ta tsaya cik, ma'aikaci ya gaji da jira ya kashe kwamfutar, a bar ƙunshi rabi a girke. Mun sa tambayar ta fito tare da bambancin fayilolin biyu, kuma maɓallin fasawa yana daina aiki da zarar an fara kwance ƙunshi.

Yanzu muna kan haɗa bayanan AppStream, masu ɗauke da suna da hoto da bayanin kowace manhaja, domin mai neman manhajar karanta takardu ya ga sunanta da hotonta, maimakon dogon jerin ƙunshe-ƙunshen da sunayensu suka fara da lib.