Yaron da ba a rubuta sunansa ba

Duk wanda ya yi aikin agaji a Sudan ya san yadda ofis ke auna nasara: buhu nawa aka sauke, rijiya nawa aka haƙa, yara nawa aka yi wa rigakafin ƙyanda. Ban raina ko ɗaya ba, don na ga abin da yunwa ke yi wa ɗan shekara biyu. Amma yanzu da na ajiye aiki na dawo Gadarif cikin dangi, in aka tambaye ni abin da ya fi daɗewa yana amfanar yaro, sai in ce rubuta sunansa daidai a takarda.

Sashe na 7 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989, Sudan kuma ta shiga cikinta a 1990, ya ce a yi wa jariri rajista da zarar an haife shi, ya sami suna da ƙasa. A wurin horo akan karanta shi a wuce, saboda ba ya tayar da hankali kamar batun sa yara aikin soja. Sai a bakin aiki na gane cewa wancan ma a kan wannan yake tsaye. Ƙarin yarjejeniyar da aka yi a 2000 ya hana ƙungiyoyi masu makamai ɗaukar wanda bai kai 18 ba, Dokar Yara ta Sudan ta 2010 ma a 18 ta ja layi. To, ka tsaya gaban kwamanda ka ce wannan yaro ne, shi ya ce maka baligi ne, dubi tsayinsa. Da me za ka kafa hujja? Haka abin yake gaban alƙali, haka yake ranar jarrabawa.

Inda na fi jin nauyin abin shi ne aikin haɗa yara da iyayensu a Darfur bayan 2003, a sansanoni irin Kalma kusa da Nyala. A ƙasar nan ana son suna huɗu: naka, na uba, na kaka, na uban kaka. Ɗan shekara huɗu da ya ɓace cikin gudu bai san komai ba sai Baba da Inna. Ko an sami sunan, wani ma'aikaci zai rubuta shi da Larabci, wani da boko, kowa da irin tasa ƙa'idar, sai wa da ƙane su zama baƙin juna a kwamfuta alhali tantinsu na kallon juna. Daga matan sansani muka koyi tambayar da ke buɗe bakin yaro. Wace rana kasuwar garinku ke ci? Wane malami ke ba ku allo a khalwa, wato makarantar allo? Wa ke da injin niƙa kusa da gidanku? Tsohuwa ɗaya takan ji amsa biyu ta faɗi zuriyar yaron gaba ɗaya. Ungozoma kuwa ita ce rajistar ƙauye, don ta san wanda aka haifa shekarar fari da wanda aka haifa bayan babbar Salla.

A watan Maris 2009 gwamnati ta kori ƙungiyoyin agaji na waje 13 cikin 'yan kwanaki. A inda nake, abin da ya ci gaba da aiki shi ne littattafan shehunan sansani da na matasa 'yan sa kai, masu bangon kwali, rubutun biro. Tun daga lokacin na daina yarda da duk tsarin da ba ya barin kwafi a hannun mutanen wuri.

Mu Hausawan Sudan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kakanninmu wasu hanyar hajji ta kawo su, wasu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna kusa da Sinnar. Tsohuwar dokar zama ɗan ƙasa ta nemi mutum ya nuna asalinsa na nan tun 1897, don haka gidaje da yawa sun san wahalar neman shaida. Shi ya sa dattawa da dama ranar haihuwarsu 1 ga Janairu ce: ba su da takardar haihuwa, likita ne ya ƙiyasta shekarunsu ya ba su takardar tasnin. Bayan rabuwar Sudan ta Kudu a 2011 na ga yaran da aka haifa a Khartum sun tsaya tsakani, nan ba a karɓe su ba, can ba su san kowa ba. Binciken gidaje na 2014 ya nuna kusan kashi 67 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke da rajista a Sudan, tun kafin rikicin jihar Blue Nile na Yuli 2022 ya kori iyalan Hausawa daga Damazin da Rusairis, tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. A duniya baki ɗaya, UNICEF ta ce a 2024 yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 150 ne ba a yi wa rajista ba.

Jariran da aka haifa a ajin makaranta inda 'yan gudun hijira suka fake da kan hanyar gudu cikin yaƙin nan su ne damuwata. Ƙarfin ɗaukar buhu ya ƙare mana, mu tsofaffin ma'aikata, amma mun iya cike takarda, kuma ana jin maganarmu a unguwa. Ni dai nakan zauna da ungozomomi da matasan da ke dafa abincin takiyya, wato abincin sadaka na unguwa, mu buɗe littafi: sunan jariri huɗu, sunan uwa, rana, wuri, da shaidu biyu. A ɗauki hoton shafin da waya, a tura wa ɗan uwa a wani gari, kwafi ɗaya ya zauna wurin liman. Wannan ba takardar hukuma ba ce, ina faɗa wa iyaye haka ƙarara, amma ita za su riƙe su je ofishin rajista da zarar sun sami hanya, don a fitar wa yaron takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa.